Magnus Öström: Shin Makaɗi Ne Mai Zaman Kansa, Ko Inuwar Abokinsa?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tun makon jiya da muka tattauna a kan masu fiyano na Turai nake jin mun bar wani mutum a baya, domin duk wanda ya ambaci Esbjörn Svensson bai ambaci wanda ya zauna a bayan ganguna kusa da shi ba, rabin labari ya bayar. Ina nufin Magnus Öström, makaɗin jaz ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa ranar 3 ga Mayu, 1965 a Skultuna, wani ƙaramin gari a yankin Västmanland.

A garin nan ne shi da Svensson, wanda ya girme shi da shekara ɗaya, suka tashi tare. Öström yana ɗan shekara 8 ya harhaɗa gwangwanayen fenti ya mayar da su ganguna, kuma kiɗan da ya fara shiga kunnensa ba jaz ba ne, fayafayen yayansa ne na su Jimi Hendrix da Deep Purple. Shi kuwa Svensson ya sha faɗa cewa ganga ya fi so tun farko, fiyano ne kawai abin kiɗan da ya tarar a gidansu. Öström yana da shekara 13 ya halarci wasan Billy Cobham da John McLaughlin, daga ranar kuma hankalinsa ya karkata ga jaz. Ya yi karatun kiɗa a Västerås, sannan a makarantar Sjövik, a 1985 kuma ya koma Stockholm ya shiga babbar kwalejin kiɗa ta can. Ya yi shekaru yana yi wa mawaƙiya Monica Borrfors kiɗa kafin shi da abokinsa su samu Dan Berglund mai bes, wato babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsu. Su ukun ne suka zama ƙungiyar Esbjörn Svensson Trio, wadda ake taƙaita sunanta da e.s.t., kuma kundinsu na farko ya fito a 1993.

Abin da nake so mu yi muhawara a kansa shi ne matsayinsa. A ganina sautin da duniya ta san e.s.t. da shi, kashi mai tsoka daga hannun Öström ya fito, kuma ayyukan da ya yi bayan rasuwar Svensson a 2008 sun tabbatar da haka. Ina son jin wanda yake da ja.

Malam Bashir:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ni ina da ja, kuma ja biyu ne. Na farko, sunan ƙungiyar da kansa ya yanke hukunci: Esbjörn Svensson Trio ake ce mata, ba a ce ƙungiyar Öström ba. Mai fiyano ne yake zuwa da mafi yawan karin kiɗan, shi ne kuma fuskar da aka sani. Na biyu, wanda ya fi damuna, idan aka ce makaɗin jaz, ni Max Roach nake tunawa, da Art Blakey, da Elvin Jones, da Tony Williams. Waɗannan mutane suna da rangajin nan da Amurkawa ke kira suwin, wanda ya samo asali daga rayuwar baƙaƙen fata na Amurka, daga majami'unsu da gidajen rawarsu da wahalar da suka sha. Na saurari e.s.t. ba sau ɗaya ba, kuma abin da na ji shi ne bugu miƙaƙƙe irin na rok, da fitilu masu launi da hayaƙi a kan dandamali. Ban ce babu daɗi ba, amma daɗin kiɗa daban, cancantar shiga sahun waɗancan magabata daban.

Isuhu:

Malam Bashir, da izininka zan yi magana a matsayin wanda ganga ce sana'arsa, ko da yake ban kai in zauna kusa da waɗanda ka lissafa ba. Gaskiyarka ce cewa Öström ba ya yawan buga suwin irin na Blakey. Amma bugun da ka kira miƙaƙƙe, wanda ya taɓa gwada shi ya san abin da ke cikinsa.

Akwai abin da muke kira buroshi, wato 'yar tsintsiyar siraran wayoyi da ake riƙewa a maimakon sanda. A al'adar jaz, ana ɗaukar buroshi ne idan kiɗa ya yi sanyi, a riƙa shafa fatar ganga a zagaye domin a samu wani sauti kamar na yayyafi. Öström ya ɗauki wannan kayan aiki ya sa shi wani aiki dabam. A shekarun 1990 matasan Ingila suna haɗa wani kiɗa mai tsananin sauri da kwamfuta, ana yanyanka bugun ganga ana jera shi yadda ake ganin hannun mutum ba zai iya ba. Shi sai ya zauna ya riƙa fitar da irin wannan bugu da buroshi da wuyan hannunsa, cikin sauri, amma ba tare da ƙara ba. Wahalar tana nan ne: bugawa da sauri da ƙarfi abu ne da yaro mai jini a jika zai iya, amma ka yi minti 8 ko 10 kana gudu kuma sautinka bai danne fiyano ba, kana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan har mai sauraro bai san lokacin da tukunya ta tafasa ba, wannan sai wanda ya mallaki hannunsa. Wani lokaci ma ajiye komai yake yi ya buga da yatsu. Ya kuma haɗa gangunansa da na'urorin sarrafa sauti, ta yadda bugu ɗaya zai dawo da amsa-kuwwa ko ya rikiɗe ya zama kamar kukan ƙarfe.

Duk wanda yake shakka, ya saurari "Goldwrap" a kundinsu na 2006, ya bar fiyano ya bi ganga kaɗai daga farko zuwa ƙarshe.

Malama Rakiya:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina zaune a Suwidin, ba nesa da Västerås ba, shi ya sa nake so in ƙara wani abu a kan maganar Malam Bashir ta asali. Skultuna gari ne da aka sani da masana'antar tagulla wadda aka kafa tun 1607, kuma ba wuri ne da mutum zai yi zaton makaɗan jaz za su fito ba. Amma a ƙasar nan kusan kowace ƙaramar hukuma tana da makarantar kiɗa da yara ke zuwa bayan an tashi daga makaranta, a kan kuɗi kaɗan, sannan akwai makarantun manya irin Sjövik inda matashi zai yi shekara ɗaya ko biyu ba abin da yake yi sai atisaye. Yaron ƙauye yana da hanyar da zai bi.

Jaz kuma ba baƙo ba ne a nan. Louis Armstrong ya yi wasa a Stockholm tun 1933. Wasu manyan mawaƙan jaz na Amurka ma sun biyo baya: Ornette Coleman ya ɗauki faifai a wani kulob na birnin a 1965, Don Cherry ya zauna a kudancin ƙasar da iyalinsa, Red Mitchell ma ya tare a Stockholm a 1968. Abin da nake so a lura da shi, faifan jaz da ya fi kowane shahara a ƙasar nan shi ne Jazz på svenska na Jan Johansson, na 1964, inda ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin gargajiya na ƙauyukan Suwidin ya kaɗa su da fiyano, Georg Riedel yana bes. Babu ganga a cikinsa ko ɗaya. Wato kunnen mutanen ƙasar ya saba da jaz mai sanyi da sarari, wanda shiru yake da muhimmanci a cikinsa. Makaɗin da ya tashi a nan dole ya amsa wata tambaya da Blakey bai taɓa fuskanta ba: yaya zan shigo da ganga cikin irin wannan kiɗa ban ɓata shi ba? Ni a wurina buroshin da Isuhu ya bayyana amsar wannan tambaya ce.

Malam Bashir:

Malama, na gode da wannan bayani, kuma batun faifan da babu ganga a cikinsa ya sa na yi tunani. Sai dai bai kawar da damuwata ba. A Mayun 2006 mujallar DownBeat ta Amurka ta sa e.s.t. a bangonta, karo na farko da wata ƙungiyar jaz ta Turai ta samu haka, kuma tun lokacin ake yayata cewa makomar jaz ta koma Turai. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin a daidai lokacin akwai makaɗa a New York irin su Brian Blade da ba su samu rabin wannan talla ba. Kamfanin fayafai na ACT na Jamus ya iya kasuwanci, ya kai su manyan zauruka, ya sayar da su ga matasan da ba su taɓa jin Thelonious Monk, shahararren mai fiyanon jaz na Amurka, ba.

Malam Habibu:

Malam Bashir, tun da ka ambaci Monk, ai kundin da suka fitar a 1996 gaba ɗayansa kaɗe-kaɗen Monk ne. Sun san gidan da suka fito, kuma sun gaishe da masu gidan kafin su kama hanyarsu. Maganar cewa jaz ya ƙaura zuwa Turai kuwa, 'yan jarida ne suka yi ta, ni ma ban yarda da ita ba, amma ba adalci ba ne a ɗora wa makaɗi laifin abin da mai alƙalami ya rubuta. Ka tuna Tony Allen, mai gangan Fela Kuti a Legas: Blakey da Roach ya saurara, ya narkar da su cikin kiɗan da ya tashi da shi, ya fito da abin da babu wanda ya taɓa bugawa, ba mu kuma ce ya ci amanar jaz ba. Yaron da ya girma a Skultuna da fayafayen Deep Purple shi ma haka ya yi da abin da ya tarar.

Bari in koma ga janka na farko, na sunan ƙungiya. Da tafiya ta yi nisa sun taƙaita sunan zuwa haruffa uku ƙanana, kuma a kundayensu na daga baya ana rubuta kaɗe-kaɗen da sunan su ukun ne. Svensson yakan zo da karin, amma a ɗakin atisaye ake gina shi, kowa ya sa hannu. Akwai kuma wani aiki da mutane da yawa ba su san na Öström ba ne: shi ne yake raɗa wa yawancin kaɗe-kaɗen suna. Kiɗan da babu baiti a cikinsa, sunansa ne kaɗai kalmar da mai sauraro yake samu. Idan aka ce maka ka ji wannan kiɗa kamar kana kallon duniya daga inda Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya hango ta, an riga an buɗe maka ƙofar da za ka shiga ta cikinta. From Gagarin's Point of View na 1999 shi ne kundin da ya fitar da su daga Arewacin Turai, kuma sunan ya yi aiki ba kaɗan ba.

Abin da ya fi wannan duka shi ne tsawon zama. Ƙungiyoyin jaz da yawa haɗuwar mako ɗaya ce, a ɗauki faifai a watse. Waɗannan sun yi shekara 15 ba a canja mutum ɗaya ba, har mai kula da sautinsu, Åke Linton, ana kiransa na huɗunsu. Biyu daga cikinsu kuma tun suna yara suke kiɗa tare. Idan ka saurari wasansu na Hamburg da aka ɗauka a 2006, za ka ji wurare da dama inda fiyano da ganga suke juyawa lokaci guda ba tare da wata alama ba, kamar mutum biyu da suka daɗe suna ɗaukar kaya ɗaya, kowa ya san lokacin da ɗan'uwansa zai sauya kafaɗa. Ba a koyon wannan a kwaleji.

Zainabu:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni sabuwa ce a wannan fanni, kuma ina karanta ku ina ƙaruwa. Baba Habibu, ka ambaci rasuwar Svensson sau ɗaya ka wuce. Me ya faru, kuma me ya hana sauran biyun su nemi wani mai fiyano su ci gaba da sunan da suka sha wahala suka gina?

Malam Habibu:

Zainabu, Allah ya yi miki albarka, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Ranar 14 ga Yuni, 2008 Svensson ya rasu a haɗarin nutso da tukunyar iska a Ingarö, kusa da Stockholm, yana da shekara 44, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Ƙungiyar tana kan ganiyarta a lokacin. Sun riga sun kammala kundin Leucocyte, wanda suka ɗauka a wani ɗakin ɗaukar sauti a Sydney ta Ostareliya, inda suka shiga ba tare da rubutaccen kiɗa ba suka yi ta ƙirƙira nan take. Kundin ya fito bayan 'yan watanni da rasuwar, kuma ya fi duk na baya duhu da kaushi. Daga baya Öström da Berglund suka koma ga sauran abin da aka ɗauka a can, a 2012 suka fitar da wani kundin mai suna 301, sunan ɗakin ke nan.

Ku duba halin da Öström ya shiga. Yana da shekara 43, ya rasa abokin yarinta, ya rasa abokin sana'a, ya rasa ƙungiyar da ita ce abincinsa, duk a rana ɗaya. Masu fiyano da za su so wannan kujera ba su ƙirguwa, kuma zaurukan Turai da sun cika ko don tausayi. Amma shi da Berglund ba su yi hakan ba. Berglund ya kafa ƙungiyar Tonbruket, ya karkata ga rok da ya fito daga cikinsa. Öström ya ja baya na tsawon lokaci, sai a 2011 ya fito da kundinsa na farko da sunansa, Thread of Life, kuma shi ya tsara kaɗe-kaɗen da ke ciki. Ya tara matasa: Andreas Hourdakis a jita, Thobias Gabrielson a bes, Gustaf Karlöf a fiyano. Lura da cewa jita ya sa a gaba, domin kada kowa ya ce yana neman wanda zai maye gurbin marigayin. A cikin kundin akwai "Ballad for E", ta'aziyyarsa ga abokinsa, wadda ya kaɗa tare da Berglund da Pat Metheny mai jita. Nakan kasa sauraronta ina wani aiki, sai na ajiye abin da ke hannuna. A 2012 kundin ya jawo masa kyautar ECHO Jazz ta Jamus a matsayin gwarzon makaɗin ganga daga ƙetare. Searching for Jupiter ya biyo baya a 2013, da Daniel Karlsson a fiyano, sai Parachute a 2016.

Malam Bashir, hujjata ke nan. Inuwa ba ta rubuta kundi uku bayan bishiyar ta faɗi. Kuma wanda ya saurari waɗannan kundaye zai gane wasu abubuwan da ya zata na Svensson ne a e.s.t., irin maimaita ɗan gajeren kari har ya zama kamar zikiri, da hawan nan a hankali zuwa ƙololuwa, suna nan daram a hannun mai ganga.

Isuhu:

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan kundayen nasa, domin makaɗa da yawa idan suka zama shugabanni sai su cika faifai da bajintar kansu, kowane kiɗa da dogon wuri na ganga ita kaɗai. Öström bai yi haka ba. Yana son lissafin bugu mai wuya, irin wanda ba ya rabuwa huɗu-huɗu, amma yana ɓoye wahalar ta yadda wanda ba makaɗi ba ba zai ji wani tuntuɓe ba. Lars Danielsson mai bes ma, a kundinsa Liberetto na 2012, shi ya ɗauka, kuma kiɗan Danielsson mai laushi ne ƙwarai, wanda makaɗi mai nauyin hannu zai rusa shi cikin minti ɗaya.

Malam Bashir:

Na yi shiru kwana biyu domin na je na saurara, kada in yi gardama a kan abin da ban ji da kyau ba. Na ji Leucocyte gaba ɗaya, na ji Thread of Life, na kuma bi shawarar Isuhu na bi ganga ita kaɗai. Janyewa ɗaya zan yi: na yi kuskure da na ɗauke shi ɗan rakiya. A Leucocyte musamman, akwai wuraren da shi ne yake jan ragamar, sauran biyun suna bin sa, kuma mutumin da ba ya sauraron abokan kiɗansa ba zai iya abin da ya yi a can ba. Sauraro kuwa shi ne abin da na fi girmamawa a wurin Elvin Jones.

Amma ban sauka daga ɗaya matsayin ba. Kundayensa na kansa sun fi kusa da rok mai zurfin tsari fiye da jaz, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba. Akwai kuma abin da bai kwanta mini ba, wato aikin 2016 da aka mayar da kaɗe-kaɗen e.s.t. na babbar ƙungiyar makaɗa ta Stockholm, wanda Hans Ek ya tsara. Malam Habibu, ka yaba musu da ba su ci gaba da sunan ba, to wannan fa? Kiɗan da ƙarfinsa yake cikin mutum uku suna kallon juna, idan aka rubuta shi a takarda aka raba wa mutum fiye da 50, me ya rage?

Malama Rakiya:

Malam Bashir, a nan ina ganin akwai bambanci tsakanin maye gurbi da tunawa. A aikin da ka ambata ba a zaunar da wani aka ce ga sabon Svensson ba. An gayyato baƙi daban-daban, Öström da Berglund suna tsakiya, kuma shekara 8 ta wuce kafin kundin ya fito. Svensson da kansa ya yi sha'awar haɗa kiɗansu da irin wannan babbar ƙungiya tun yana raye. Na yarda cewa wani abu ya ɓace a ciki, ni ma na fi son na mutum ukun, amma mutanen da suka gina waɗannan kaɗe-kaɗe da hannunsu suna da haƙƙin su sake taɓa su.

Malam Habibu:

Malama ta faɗi abin da zan faɗa, sai dai ni na fi kusa da Malam Bashir a kan wannan kundi fiye da yadda yake zato, domin ba na yawan komawa gare shi. Wanda nake komawa gare shi shi ne kiɗan ƙungiyar Rymden. Bayan fiye da shekara 10 da rasuwar Svensson, Öström da Berglund sun yarda sun sake fitar da kundi a matsayin mutum uku da mai fiyano, wato Bugge Wesseltoft na Norwe, wanda sa'ansu ne kuma ya riga ya yi nasa suna tun shekarun 1990 wajen haɗa jaz da kiɗan na'ura. Sabon suna suka ɗauka, kalmar da ke nufin sararin samaniya a harshen Suwidin, da sababbin kaɗe-kaɗe da kowa yake kawo nasa. Kundinsu na farko ya fito a 2019, na biyu a 2020, kuma a 2023 Öström ya sake fitar da nasa na kansa, A Room for Travellers.

Zainabu, idan kina neman inda za ki fara, ki ɗauki wasan Hamburg, ki ba shi lokacinsa da dare ba tare da waya a hannu ba. Daga nan ki ji Thread of Life, sannan kundin Rymden na farko. Leucocyte ki bar shi sai kunnenki ya saba da su ukun.

Zainabu:

Na gode, Baba. Na samu wasan Hamburg ɗin, faifai biyu ne ashe. Yaya Isuhu, idan na gama zan dawo in tambaye ka yadda ake bambance sautin buroshi da na sanda, domin a kiɗan farko ma na kasa tantance wanne yake riƙe da shi.